YADDA AKE GINA MANHAJAR KWAMFUTA

Mene ne manhaja?

Manhaja ita ce jerin umurnin da masana ke rubuta wa kwamfuta domin ta san aikin da za ta yi. Da ita ake biyan ma'aikatan Gwamnatin Tarayya albashi, da ita ɗalibai ke rubuta jarrabawar JAMB, ita ce kuma ke cikin na'urar BVAS wadda ta tantance masu zaɓe a mazaɓar Sarkin Dawaki ta Jalingo, da sauran mazaɓun ƙasar nan, a zaɓen 2023. Idan manhaja ta yi kuskure, albashin wani ne zai makara, ko sakamakon wani ya salwanta. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda ake gina ta.

Matakan aikin

Kamar yadda magini ba ya ɗora jinka kafin ya tada bango, haka ginin manhaja yake da matakansa:

1. Binciken bukata: a tambayi waɗanda za su yi aiki da ita abin da suke so.
2. Tsari: a zana fasalinta a rubuce.
3. Rubutu: masana su rubuta umurnin.
4. Gwaji: a nemo kurakurai a gyara.
5. Ƙaddamarwa: a miƙa ta ga jama'a, a koya musu.
6. Kulawa: a ci gaba da gyara muddin ana amfani da ita.

Masana ba su da saɓani a kan matakan nan. Inda suka rabu shi ne yadda za a jera su.

Tsarin gangaren ruwa

Wannan shi ne tsohon tsari. Ana gama mataki ɗaya sarai, a sa hannu, sa'an nan a shiga na gaba, kamar ruwan da ya gangaro daga dutse, ba ya komawa baya. Ana danganta shi da takardar da Winston Royce ya rubuta a Amurka a 1970, ko da yake shi da kansa ya yi gargaɗi cewa barin gwaji sai ƙarshe yana da haɗari. Amfaninsa shi ne ana ƙayyade kuɗi da lokaci tun daga farko, abin da ya dace da aikin kwangila. Illarsa kuwa, kuskuren da aka yi a matakin farko ba ya bayyana sai an kashe kuɗi da yawa.

Tsarin katantanwa

Barry Boehm ne ya fito da shi a 1986. A nan ana zagaya matakan sau da yawa, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Kafin kowane zagaye akan tsaya a auna abin da ya fi barazana ga aikin, a yi ɗan samfuri a gwada shi. Ya dace da manyan ayyuka masu tsada.

Tsarin zafin nama

A watan Fabrairu na 2001 masana 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da ƙa'idojinsa. Ana yanka aikin gunduwa-gunduwa, a gama kowace gunduwa cikin mako 2 zuwa 4, a nuna wa mai aikin, a ji ra'ayinsa, a gyara. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma fa sai mai aikin yana kusa a kullum. Idan ya ba da kwangila ya juya baya, tsarin ba zai yi amfani ba.

Abin da aka gani a ƙasar nan

Manyan ayyukan gwamnati da dama an shigo da su ne sannu a hankali. An fara biyan albashi da IPPIS a 2007 a ma'aikatu kaɗan kafin a faɗaɗa. JAMB ta soma jarrabawa da kwamfuta a 2013 tare da ta takarda, sai a 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. BVAS kuwa an fara aiki da ita a zaɓen cike gurbi a Jihar Delta a watan Satumba na 2021, sa'an nan a zaɓen gwamnan Anambra a watan Nuwamba, da na Ekiti da Osun a 2022. Duk da haka, ranar 25 ga Fabrairu 2023 an sami jinkiri wajen ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a intanet, hukumar zaɓe kuma ta ce matsalar daga manhaja ce. Darasin shi ne, gwajin ƙaramin aiki ba ya wadatarwa, sai an gwada manhaja da irin nauyin da za ta ɗauka a ranar aiki.

Kira ga jama'a

Ana jan hankalin shugabannin ma'aikatu, da ƙananan hukumomi, da 'yan kasuwa, kada su ba da aikin manhaja sai sun rubuta bukatunsu filla-filla, kada su biya cikon kuɗi sai an gwada ta a gabansu, su kuma tanadi kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara. Ma'aikacin da aka nemi ra'ayinsa ya faɗi gaskiyar yadda aikinsa ke gudana. Wanda kuma ya ga kuskure a sunansa, ko albashinsa, ko katinsa, ya kai rahoto ofishin da abin ya shafa ba tare da ɓata lokaci ba, domin da irin rahoton nan ne ake gyara manhaja.