Bayani A Kan Girman Kabewa Da Saurin Yaɗonta

 Zancen yau a kan kabewa ya ke, wadda waɗansu mutanen ƙasar Sakkwato su ke ce wa kabushi. Ba wanda ya jahilci ɗanɗanonta cikin miyar taushe. Abin da a ke jahilta shi ne yawan filin da ta ke ci, da yawan kwanakin da ta ke bukata, kuma ta nan hasara ta ke shigo wa mai shuka. Mutum ya kan dubi ƙwaya guda a tafin hannunsa, ba ta fi farcen babban yatsa ba, sai ya tona mata rami a lungun da ke tsakanin rijiya da katangar maƙwabci. Kafin wata 2 ta rufe hanyar rijiya, ta hau rumfar almajirai, ta leƙa gidan da ba a gayyace ta ba.

Mai karatu ya sani cewa farkon al'amarinta da yaudara ya ke. In ƙasa tana da ɗumi da laima, ƙwayar ta kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Sa'an nan ta yi kamar mako 3 tana nan wuri guda da 'yan ganyenta, har mai ita ya zaci ragguwa ce. Alhali kuwa a ƙarƙashin ƙasa ta ke aiki, tana kafa saiwa. Da saiwa ta kama, sai ta saki yaɗo. A tsakiyar damina, in ga taki ga ruwa, kan yaɗon ya kan ci gaba da kamar rabin ƙafa cikin yini da dare guda. Wanda ya ke shakka ya kafa tsinke daidai bakin yaɗon da almuru, ya komo bayan kwana 2 ya gani. Kuma duk gaɓar da ta kwanta bisa danyar ƙasa tana iya fid da sabuwar saiwa, ta riƙa shan ruwa daga can. Saboda haka kabewar da ta yi nisa ba da gindinta kaɗai ta dogara ba.

Tsayinta sama kaɗan ne, ganyen ba ya wuce gwiwa ko cinyar mutum. A kwance girmanta ya ke. Babbar kabewa ta kan miƙa ƙafa 20, wani lokaci har 30, ban da rassan da su ke fita dama da hagun. Gindi guda yana son fili kamar ƙafa 8 a tsaye, ƙafa 8 a kwance, watau kusan faɗin ɗan ƙaramin ɗaki. A tsofaffin unguwannin birni, irin su Gidaɗawa da kewayen Kanwuri, inda gidaje su ke manne da juna, ba kowane tsakar gida ke da wannan sarari ba. Mutanen ƙauye sun daɗe da gane dabara, su kan ɗora ta bisa danga ko jinkar ɗaki, ta sha rana a sama, ƙasa ta zauna fili. Wanda bai yi haka ba, ranar da yaɗo ya tsallake katanga ya yi 'ya a gidan maƙwabci, sai a shiga maganar wane ne mai kabewa, wane ne mai cutarwa, a kan abin da bai kai kuɗin goro ba. Datse kan yaɗon tun bai kai katanga ba ya fi sauƙi, ba ya kuwa kashe ta, sai ma ya mai da ƙarfinta ga 'ya'yan da ta riga ta ɗauka.

Akwai wani wuri kuma da masu shuka su ke ɓata rai a banza. Bayan kamar mako 6 ta kan fara fure, furen ya buɗe da safe, ya yi yaushi, ya faɗi, ba 'ya. Sai a ce ta yi ɓari, ko an yi mata baki. Ba haka ba ne. Kabewa fure biyu gare ta a gindi guda, namiji da tamata. Mazan su ke fara fitowa, da kamar mako guda ko fiye. Tamatar ana gane ta da 'yar kabewa ƙarama a ƙarƙashin furen. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin namijin ya kai wa tamatar da sassafe. Wanda ya fesa maganin ƙwari da hantsi, lokacin da fure ya ke buɗe, ya kori ma'aikatansa da hannunsa. Daga ɗaukar 'ya zuwa ƙosawarta kuwa kwana 45 ne zuwa 55.

Wannan sauri nata ba sabon abu ba ne ga ma'abota tafsiri. A Suratus Saffati an ambaci yaƙɗin, tsiron da aka tsirar bisa Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bayan fitowarsa daga cikin kifi. Ibnu Kasir ya lissafa saurin tsirowa da faɗin ganye cikin amfanin wannan tsiro. Malamai da yawa su kan fassara kalmar da kabewa. Sai dai masu binciken tsirrai sun tabbatar da cewa asalin kabewa daga nahiyar Amurka ya ke, an fara nomanta a Meziko, ba ta kuwa ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Wanda Larabawa da mutanen Afirka su ka sani tun da can shi ne duma, ɗan'uwanta, wanda a ke yin ƙwarya da gora da ludayi da shi, akwai kuma irinsa da a ke ci tun yana danye. Masana lugga sun ce yaƙɗin suna ne ga duk tsiron da ba shi da kututture, mai yaɗo bisa ƙasa, don haka sunan ya game su duka biyu, amma duma ya fi kusa da zamanin.

To, a cikin dangin nan akwai wata baƙuwa da ya kamata ɗan kasuwa ya san labarinta, ko da zai ci karo da irinta cikin 'yar takarda a wajen tafiye-tafiyensa. Ita ce kabewar taliya. An ba ta wannan suna domin in aka dafa ta, aka kankare cikinta da cokali, naman ya kan rabu zare-zare kamar taliya. Daga ƙasar Sin aka kai ta Japan, wani kamfanin iri mai suna Sakata ya yaɗa ta cikin shekarun 1930, har ta shiga Amurka. Ba kayan Kasuwar Daji ba ce, mata kuwa ba su saba da ita ba, gama ba ta narkewa ta ɗaure miya kamar yadda kabewar gida ta ke yi.

Girmanta bai kai na ta gida ba. Yaɗonta ƙafa 6 ne zuwa 8, in ƙasa ta yi mata daɗi ta wuce haka. Akwai ma irin da aka gyara wanda ba ya yaɗo, sai ya yi kurmi wuri guda kamar faɗin ƙafa 3. 'Yarta doguwa ce, ba ta cika wuce ƙafa guda ba, nauyinta kilo 1 zuwa 2, gindi guda kuwa ya kan ba da kamar 4 ko 5. Saboda rashin nauyin nan tana hawa rumfa ba ta karya ta ba. Mai karatu ya kwatanta da wata kabewa da aka auna a Amurka a 2023, guda ɗaya tak, ta kai kilo 1,247. Wancan irin gasa ne, ba na tukunya ba.

Lissafin kwanaki shi ne ya fi shafar mutumin Sakkwato, domin daminar ƙasar gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuwa kimanin milimita 600 zuwa 700. Kabewar taliya kwana 90 zuwa 100 ta ke so. In an shuka ta tsakiyar Yuni, kafin ƙarshen Satumba ta ƙosa. Babbar kabewa tana kai kwana 120, watau sai tsakiyar Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. Wanda ya yi jinkiri har ƙarshen Yuli, sai ya shirya ban ruwa, in ba haka ba 'ya'yan su tsaya ƙanana. A watan Agusta kuma a ɗaga mata kunya, gama saiwarta ba ta jimre kwanciyar ruwa, 'yar da ta kwanta cikin taɓo kuwa ruɓewa ta ke yi.

Masu noman rani a fadamun Gulbin Rima, irin na Kwalkwalawa, da masu shan ruwan madatsar Goronyo, nasu lissafin dabam ne. Shukar Nuwamba tana gamuwa da sanyin hunturu, wanda ya ke rage mata sauri, sai a ƙara mata kwanaki a kan abin da aka rubuta a takarda. Amma lalle a so ta gama fure kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ya ke wuce 40, domin a irin wannan zafi furen mata ya kan zube.

Alamar ƙosawar kabewar taliya ita ce bayanta ya juya daga fari-fari zuwa rawaya, ya yi tauri har farce ba ya shiga. A yanke ta da ɗan guntun mariƙinta, kada a fizge, gama ta nan ruɓa ke shiga. Ba ta kai babbar kabewa jimirin ajiya ba, wata 1 zuwa 3 ne a inuwa mai iska, don haka mai sari kada ya cika shago da ita yana jiran tsada. Wanda kuma ya ke son ajiye iri ya duba takardar da ya sayo. In an rubuta F1 a jikinta, iri ne na aure tsakanin kabewa biyu, ƙwayar da aka cire daga cikin 'yarsa ba lalle ta haifi kamarta baɗi ba.