Wace ce Uwar Jon Snow? Yadda Makaranta Suka Gano Sirrin Kafin Fim Ya Tona Shi

Tun farko bari in ja kunne: wanda bai gama kallon Game of Thrones ba ya dakata a nan, don yau za mu fasa ƙwai.

Duk wanda ya taɓa zama majalisar 'yan fim a Jega, ko cikin ɗaliban jami'ar Aliero, ko shagon masu tura finafinai a Maiyama, ya san gardamar da ba ta ƙarewa a kan Jon Snow. Sai ka ji wani ya daki benci ya ce, "Wallahi wanga yaro ba ɗan Ned ba na!" Wani ya ce masa ai fim ya riga ya faɗa, a wuce wurin. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, masu karanta littafin sun warware wannan ƙulli shekaru da dama kafin fim ɗin ya zo kansa. Ta yaya suka yi?

Asalin labarin littattafai ne na George R. R. Martin, marubuci ɗan Amurka, masu suna A Song of Ice and Fire. Na farko ya fito a 1996, sai 1998, 2000, 2005, na biyar a 2011. A 2011 ɗin ne kuma tashar HBO ta fara haska fim ɗin, aka yi zango 8, kashi 73, aka rufe a 2019.

A farkon labari an nuna mana Ned Stark, mai mulkin Arewa, mutumin da kowa ya shaida da gaskiya da riƙon amana. Ya tafi yaƙin da ya kifar da gidan sarautar Targaryen, ya dawo da jariri ya ce nasa ne, ya haife shi a waje. A ƙasarsu, ɗan da aka haifa ba aure a Arewa sunan Snow ake laƙa masa, don kowa ya san matsayinsa. Mu nan da muka san nauyin kalmar shege, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Jon ya tashi a gidan, amma Catelyn matar Ned ko kallonsa ba ta son yi.

Marubucin ya watsa sunaye uku don ya ɓatar da sawu. Ned ya ambaci wata Wylla da Sarki Robert ya matsa masa. Catelyn ta ji raɗe-raɗin cewa wata 'yar manyan gida ce, Ashara Dayne. A littafi na biyar kuma aka ji zancen 'yar wani masunci. Makaranta suka ce a'a, idan amsoshi suka yi yawa, to ana ɓoye ta gaskiyar ne. Suka taƙaita hasashensu da haruffa: R+L=J, wato Rhaegar da Lyanna su ne iyayen Jon. Rhaegar shi ne yarima mai jiran gado na gidan Targaryen, Lyanna kuma ƙanwar Ned ce, wadda aka yi wa baiko da Robert.

Ga hujjojinsu. Ta farko, halin Ned. Mutumin da ya gwammace ya rasa komai da ya ci amana, ya za a yi ya ci amanar amaryarsa, kuma ya ƙi faɗa wa yaron ko sunan uwarsa?

Ta biyu, a gasar mahaya ta Harrenhal, Rhaegar ya ci gasa, ya tsallake matarsa Elia Martell ya miƙa wa Lyanna kambun shuɗin fure. Bayan haka aka ce ya sace ta, wannan na cikin abin da ya kunna wutar yaƙin.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi. Da Ned ya je ceto Lyanna a wata hasumiya a kudu, ya tarar da dogaran sarki uku suna gadi, cikinsu har da gwanin takobi Arthur Dayne. A lokacin an kashe Rhaegar, an kashe Sarki Aerys. To me ya zaunar da dogaran da suka yi rantsuwar kare jinin sarauta a ƙofar wata yarinya? Sai dai idan akwai jinin sarauta a ciki. Mutum bakwai suka kara da ukun, Ned da Howland Reed kaɗai suka tsira. Ned ya iske ƙanwarsa kwance cikin jini, ta sa shi ya yi mata alkawari kafin ta cika. Littafin bai faɗi alkawarin ba, amma yana ta damun Ned har ƙarshen rayuwarsa.

Ta huɗu, kamanni. An ce Arya ta ɗebo kamar Lyanna, kuma a cikin yaran gidan Arya da Jon ne suka fi kama da juna. Ta biyar, a littafi na biyu Daenerys ta ga shuɗin fure yana tsirowa a jikin katangar ƙanƙara, kuma a Katangar ne Jon yake aikin tsaro.

Me ya sa Ned ya ɓoye? Saboda Robert ya tsani duk wani mai jinin Targaryen, kuma an riga an kashe ƙananan 'ya'yan Rhaegar biyu lokacin da aka ci babban birni. Da an san Jon ɗan Rhaegar ne, da bai kai yaye ba. Ned ya zaɓi ya zubar da mutuncinsa don yaron ya rayu.

Su kansu masu shirya fim ɗin, David Benioff da D. B. Weiss, sun ba da labarin cewa Martin ya tambaye su wace ce uwar Jon kafin ya amince musu, suka ba shi amsa daidai. Fim ɗin ya nuna haihuwar a kashin ƙarshe na zango na 6 a 2016. A ƙarshen zango na 7 a 2017 aka ƙara da cewa Rhaegar ya raba aurensa na farko ya auri Lyanna a ɓoye, kuma sunan yaron na yanka Aegon Targaryen.

Yanzu mu auna da ma'aunin gida. Ned kawun Jon ne, riƙonsa ya yi. Robb, Sansa, Arya, Bran da Rickon taubasansa ne, shi ɗan mace su 'ya'yan namiji. Daenerys kuwa ƙanwar ubansa ce, gwaggonsa ke nan, shi ya sa soyayyarsu ta tayar wa 'yan kallonmu hankali. Kuma tunda sarauta gefen uba take bi, kamar yadda muka sani a masarautunmu, Jon ya fi ta kusa da karaga, domin shi ɗan yarima mai jiran gado ne. Daga nan zamansu ya fara tsami.

Sai dai ku riƙe wannan kafin ku shiga gardama ta gaba: a littafi har yanzu ba a tabbatar ba. Na biyar ya ƙare an daddaɓa wa Jon wuƙa, na shida, The Winds of Winter, shi makaranta suke ta jira. A littafin akwai ma wani saurayi daban da ake cewa shi ne Aegon ɗan Rhaegar da Elia, wanda fim bai sa shi ba sam. Don haka batun auren sirri da sunan Aegon maganar fim ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Jon bai sauya hali ba ranar da ya ji shi ɗan sarauta ne. Jarumtarsa da gaskiyarsa a gidan kawunsa ya koye su, lokacin da ake nuna shi da baki. Mutanen da suka wulaƙanta shi sun hukunta yaro ne a kan abin da bai aikata ba, kuma irin wannan muna gani a unguwanninmu ba sai a Westeros ba.

To ku fa, Ned ya kyauta da ya mutu da sirrin, ko ya kamata ya faɗa wa Catelyn ko don ta sassauta wa yaron? Mutanen Jega, Aliero da Maiyama, muna jiran ra'ayinku.