Gaskiya ko Jita-jita: Ɗaukar Hoton Jirgin Ƙasa

Tun da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara jigila a 2016, matasa da yawa suka kamu da sha'awar kallon jirgi da ɗaukarsa hoto. Sha'awa ce mai kyau, sai dai akwai maganganun da ake yaɗawa waɗanda ke iya jefa mutum cikin halaka.

"Ai zan ji ƙararsa tun daga nesa." Jita-jita. Jirgin zamani a kan sabuwar diga ba shi da ƙara kamar na da, kuma hayaniya na iya danne ta. A watan Oktoban 2018, a garin Amritsar na Indiya, jama'a sun tsaya kan layin dogo suna kallon wasan wuta, wasu na ɗauka da waya. Ƙarar tartsatsin ta rufe ta jirgi, kusan mutum 60 suka rasu.

"Ina ganinsa, a hankali yake tahowa." Jita-jita. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, sai dai a gaban jirgi kimar tana ɓace masa. Abu mai girma yakan yi kamar yana tafiyar hawainiya alhali gudu yake, gilashin kyamara kuma yana ƙara rikita nisa.

"Direba zai taka birki." Zai taka, amma jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa kan wuce kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Ba shi kuma da sitiyarin kaucewa.

"Gefen diga ma akwai haɗari." Gaskiya. Jikin tarago ya fi diga faɗi, yana iya zarce ta da kusan mita ɗaya kowane gefe.

"Ƙwararru sun san yadda suke yi." Jita-jita. A 2014, a jihar Jojiya ta Amurka, jirgi ya kashe Sarah Jones, mataimakiyar mai kyamara, suna ɗaukar fim a kan gadar jirgi ba da izinin kamfanin layin ba. An ɗaure daraktan fim ɗin.

Don Allah, ɗan'uwa, tsaya bayan shinge ko bayan layin da aka shata a tasha, cire abin sauraro daga kunne, nemi izinin ma'aikata. Hoton da ya kuɓuce maka yau, jirgin gobe zai ba ka wani. Iyayenka kuwa kai suke jira ka dawo gida.