Hular Kwano: Takura Ce Ko Kariya?

Jama'a, babur ya zama jakin zamani a karkara. Da shi muke zuwa gona da kasuwa da asibiti. Amma maganar hular kwano ta raba kan mutane.

Ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular. Wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kada a kama su.

Masu ƙin hular suna cewa tana da zafi da tsada. Wasu suna gudun ƙwarƙwata da makero. Wasu kuma asiri suke tsoro.

To, mu duba. Idan ƙafa ta karye, maɗori zai ɗora ta. Idan ƙwaƙwalwa ta bugu fa? Ba ta da ɗori. Kwanon hular yana tare dutse da kwalta, soson ciki kuma yana rage ƙarfin bugu. Ƙwarya kuwa fashewa take yi.

Mai ƙyamar hular wani ya fara rufe kansa da hankici. A ɗaure maɗaurinta a ƙarƙashin haɓa, in ba haka ba za ta fice lokacin faɗuwa. Kuɗin hula bai kai kuɗin jinya ba.