Ko Kun Sani? Ɗan Waƙafin Sama Mai Aiki Biyu

Ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a saman harafi, a Hausa sauti yake wakilta: cire shi daga "sa'a", kalmar ta tashi daga ma'anarta. Shi ne kuma a "'ya'ya", inda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubuta ƴ. A Turanci kuwa ba a furta shi. Mallaka yake nunawa, ko gurbin harafin da aka haɗiye.

Malamin Turanci a sakandaren Ƙaraye ko Rogo ya kamata ya zauna da ɗalibai kan wannan bambanci tun aji ɗaya. A insha'in jarrabawar WAEC, maki 10 cikin 50 na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci.