Zanen Duwatsun Ahaggar da Fentin Mai a Lokacin Hunturu

Garin Tamanrasat yana kudancin Aljeriya, a yankin duwatsun Ahaggar, ƙasar Buzaye. Kimanin kilomita 80 daga garin akwai tudun Asekaram, wanda tsayinsa ya haura mita 2,700. Da hunturu ruwa yakan daskare a can da dare. A shekarar 1928 wani mai zane Bafaranshe, Paul Élie Dubois, ya bi ayarin masana zuwa yankin, ya zana duwatsun da mazaunansu.

Wanda zai yi zane a fili cikin irin wannan sanyi ya fi dogara da fentin mai. Dalili kuwa shi ne, fentin ruwa yana iya daskarewa a kan takarda, shi kuwa na mai sai dai ya yi kauri, a ɗumama shi cikin aljihu.

Sai dai fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba. Idan iska ta taso, yashi ya manne masa, aikin yini ya lalace. Shi ya sa ake yin zanen a ƙaramin allo, a gama kafin inuwa ta juya, a rufe shi cikin akwati.