Ko Ka San Akun Da Ke Karya Kumallo Da Ƙasa?

A kudu maso gabashin ƙasar Peru, cikin kurmin Amazon, akwai wani gandun daji da ake kira Tambopata, wanda gwamnatin ƙasar ta keɓe a shekarar 2000. Mutane na tsallako tekuna su sauka a garin Puerto Maldonado, su shiga kwale-kwale su yi tafiyar sa'o'i a kan kogi, su kwana a masaukan katako da ke tsakiyar daji, wasu ɗakunan ma ba su da bango a ɓangare ɗaya, sai gidan sauro. Duk wannan wahala don su ga tsuntsaye suna cin ƙasa.

Tun da asuba ake tashin baƙi. Kafin gari ya waye an zaunar da su a gefen kogi, daura da wata gaɓa mai jan yumɓu wadda mutanen yankin ke kira kolpa. Ƙananan aku korra su ne ke fara sauka. Sai rana ta ɗan ɗaga manyan suke iso, waɗanda ake kira makao: ja mai ratsin ɗorawa da shuɗi a fiffike, ja mai ratsin kore, da shuɗi mai ƙirji ruwan ɗorawa. Tsawon wasunsu daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ya kusa santimita 90. Ba sa gaggawa. Sukan taru a kan bishiyoyi suna kururuwa, suna dube-dube ko akwai gaggafa, har sai wani mai ƙarfin hali ya fara maƙalewa a jikin gaɓar. Daga nan sai ka ga bangon ƙasa ya rikiɗe kamar an shanya atamfa.

To me suke nema a cikin yumɓu? An daɗe ana cewa magani suke sha. Abincinsu ya haɗa da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ƙwallaye masu guba, kuma binciken wani masani, James Gilardi, na 1999 ya nuna yumɓu na kama wani ɓangare na gubar tun a ciki, kafin ta shiga jini. Amma Donald Brightsmith, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tsuntsayen Tambopata, ya karkata ga wani dalili: gishiri. Ya lura cewa suna zaɓen ƙasar da sinadarin sodiyam ya fi yawa a cikinta. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini, domin yanayin wurin da kansa ya ba da shaida. Ruwan saman da ke tasowa daga Tekun Atlantika yakan zubar da ɗan gishirinsa tun kafin ya kai yammacin Amazon, tsaunukan Andis kuma sun tare na Tekun Fasifik. Ga mamakon ruwa da ke wanke ƙasa kullum. Sai ya zama daji ya cika da abinci, amma abincin lami ne. Tsananin ƙarancin ya kai har malam-buɗe-littafi na sauka a idon kififfiya ya sha hawayenta.

Duk wanda ya taɓa kiwo ba zai yi mamaki ba. Abin da ke sa makiyayi jiƙa wa shanunsa kanwa, ko ya kora su zuwa Ingal lasar gishiri a ƙarshen damina, shi ne ke saukar da makao daga ƙololuwar bishiya. Sun fi yawaita zuwa a lokacin da suke da 'ya'ya a sheƙa, har ana samun yumɓun a cikin abin da iyaye ke ɗura wa 'ya'yan.

Sheƙar kuwa ita ce abin damuwa. Makao ba ya saƙa gida, kogon tsohuwar bishiya yake nema, musamman wata da ake kira shihuahuako, wadda kan yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ita ce kuma masu katako ke sarewa ana daɓen gidaje da ita a ƙasashen waje. Shi ya sa aikin kare makao da aka fara a Tambopata a 1989 ya riƙa rataya musu sheƙoƙin roba da na katako a saman bishiyoyi. Ban da masu katako, ga kuma masu haƙar zinare da ke zuba sinadarin makuri a kogunan yankin. Kuɗin da baƙi ke biya a masaukan nan na cikin abin da ke sa mutanen wurin ganin cewa dajin ya fi amfani a tsaye.

Idan Allah ya kai ka, ka sa tufafi masu duhu, ka riƙe madubin hangen nesa, ka kame bakinka. Motsi ɗaya ya isa ya tashi garken gaba ɗaya, kuma wani lokaci ba sa dawowa a ranar.